Yawon Shan Iska A Birnin Bath: Darasi Gare Mu

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani tsohon gari wai shi Bath. Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke fid da fiye da lita miliyan ɗaya kowace rana, zafin ruwan kuwa ya kai digiri 46. Tun kusan shekara 2,000 da suka wuce Rumawa suka gina wuraren wanka a kanta. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne titunan garin da mutanen da suka yi yawo a kansu, don a ganina akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin gudu.

Bayan Sarauniya Anne ta ziyarci garin a 1702, sai masu hannu da shuni suka yi ta kwarara can daga Landan. Da sassafe a shiga ruwa, a fito a tafi zauren da ake shan ruwan maganin ana sauraron kiɗa. Da hantsi kuwa sai kowa ya caɓa ado, a fita yawon shan iska a kan North Parade da South Parade, wasu faffaɗan titunan dutse da aka shimfiɗa musamman don masu tafiya a ƙasa. Wanda ƙafa ta dame shi, mutum biyu su ɗauke shi cikin kujera mai rumfa. A nan ake gaisawa, a ji labarin duniya, iyaye su duba wa 'ya'yansu mazan aure.

Mai kula da sha'anin baƙi a lokacin shi ne Richard Nash, wanda ake yi wa laƙabi da Beau Nash saboda son ado. Shi ya hana rataya takobi a wuraren taro, ya sa aka ƙayyade kuɗin 'yan ɗaukar kujera don kada su cuci baƙi, ya ce da ƙarfe 11 na dare kowane biki ya tashi, ko da 'yar sarki ce ke son a ƙara. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. Gari na bukatar wurin da mutum zai taka da ƙafarsa cikin natsuwa, babba da yaro su haɗu a kan doka ɗaya.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Da yawa daga masu yawon nan lafiyarsu ƙalau, a gan su kawai suka zo yi. Mutum ya ci bashi ya ɗinka tufa don kada maƙwabcinsa ya fi shi, da dare kuma ya zauna wurin caca. Nash kansa da caca ya dogara. Da hukuma ta hana wasu irin cacar a 1739 da 1745, sai samunsa ya karye, har ya mutu a 1761 yana karɓar ɗan taimako daga hukumar garin. Kada kuma mu manta, wani kashi na dukiyar da aka kashe a Bath daga gonakin rake na Jamaika da maƙwabtanta ya fito, inda bayi 'yan Afirka ke noma cikin azaba. Ado a titi, kuka a gona!

Yanzu sai mu tambayi kanmu, me ya rage? Tufafin sun ruɓe tuntuni. Gidajen nan 30 na Royal Crescent da aka fara ginawa a 1767 suna nan tsaye, titunan kuma har gobe ana tafiya a kansu. Asibitin da Nash ya taya tara wa kuɗi, wanda aka buɗe a 1742 don matalauta, ya yi fiye da shekara 250 yana jinyar mutane. A garin nan ne Sarkin Habasha Haile Selassie ya sami mafaka a 1936, bayan Italiya ta mamaye ƙasarsa. A 1987 kuma UNESCO ta sa Bath cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da aka yi don jama'a shi ya daɗe.

Saboda haka, 'yan'uwana 'yan makaranta, fita shan iska ba laifi ba ne, kuma tsabta da ado halin mutumin kirki ne. Amma mu daina takura wa iyayenmu su ciwo bashi don mu burge abokai ranar salla ko ranar hutu. Ku kuma iyayenmu, in ana yanka filaye a unguwa, ku matsa wa hukuma ta bar hanyar masu tafiya a ƙasa, da fili mai itatuwa inda tsoho zai huta, yaro ya yi wasa ba fargabar mota. Allah ya sa mu gane, amin.