Bishiyar da Nova Scotia ke aika wa Boston



Ran 6 ga Disamba 1917, wani jirgin ruwan Faransa mai suna Mont-Blanc, maƙare da nakiyoyin yaƙi, ya yi karo da wani jirgi a tashar Halifax ta Kanada. Ya kama wuta, ya fashe. Kusan mutum 2,000 suka mutu, wajen 9,000 suka ji rauni, da yawa gilashin taga ne ya makantar da su. A daren nan jirgin ƙasa ya tashi daga Boston ta Amurka ɗauke da likitoci da magunguna, ya kutsa cikin dusar ƙanƙara, ya isa bayan kwana biyu.

Tun 1971, lardin Nova Scotia yana aika wa Boston ƙatuwar bishiyar Kirsimeti kowace shekara. Waɗanda aka yi wa jinyar sun riga mu gidan gaskiya, jikoki ne ke riƙe da godiyar.

A 2025 gwamnatin Trump ta ɗora wa kayan Kanada haraji, har da zancen mai da ƙasar jiha ta 51. Ran mutanen Kanada ya ɓaci, kuma da gaskiyarsu. To, sai a daina aika bishiyar? Ni dai na ce a'a. Gwamnan Massachusetts ne ya tura jirgin nan, ba fadar Washington ba. Kuma ai a 1813 sojojin Amurka sun ƙona majalisar garin York, wato Toronto ta yau, amma hakan bai hana likitocin Boston hawa jirgi ba. Mai fushi da haraji ya kai ƙararsa Washington, bishiyar kuwa ta Boston ce.