Sabon inji daga kamfani ba ya nufin matsala ta ƙare

Masu sayar da mota suna da kalmar da ke kashe bakin mai saye: "Kamfani ne ya sa mata sabon inji." Da jin haka sai hankali ya kwanta. A ganina, a nan ne ya kamata tambaya ta fara.

Dubi abin da ya faru da Porsche, kamfanin Jamus da ya yi suna wajen ƙera motocin gudu. A farkon 2014, motoci biyu samfurin 911 GT3 suka kama da wuta a Turai. Bincike ya nuna cewa wani noti da ke riƙe sandar fistin ne ya kwance, ya fasa jikin injin, baƙin mai ya zuba a wuri mai zafi. Kamfanin ya ce wa masu motar su ajiye ta, sannan ya sauya injin duka motoci 785 da abin ya shafa.

Wannan mataki ya cancanci yabo. To amma daga baya wata cuta ta daban ta ɓullo: ƙarafan da ke danna bawul suna saurin cinyewa a injin da ke juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya, kuma sababbin injinan ba su tsira ba. A 2017 sai da Porsche ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 10 ko mil 120,000.

Darasin a bayyane yake. Sabon inji yana magance lalacewar da aka gano ne kawai. Idan kuskuren yana cikin tsarin ƙirar, za a iya cire tsoho a sa sabo mai ɗauke da irin wannan kuskure.

Wasu za su ce ai sabo ya fi wanda aka yi wa faci a gareji. Gaskiya ne, musamman idan da garanti. Sai dai garanti yana ƙarewa, kuɗin gyara kuwa ya faɗo kan wanda motar ke hannunsa a lokacin.

Don haka kafin ka biya, nemi takardar da ke nuna ranar da aka sauya injin, lambarsa, dalilin sauyawar, da ko an gyara sassan da suka jawo matsalar. Mai sayarwar da ya kasa kawo ta, labari kawai yake sayar maka.