Jirgin Ƙasa Da Igiyar Zumunci

A wannan fitowa za mu waiwayi wani abu da jikokinmu suka sani da suna kawai, wato tafiya Abijan a jirgin ƙasa.

Mu da muka tashi a tsohon Zango na Wagadugu, wanda ake kira Zanguwetin, da kukan jirgi muke gane lokaci. Tun 1904 Faransawa suka fara shimfiɗa dogon daga Abijan, ya iso Bobo a 1934, sannan ya shigo Wagadugu a 1954, tsawon kilomita 1,145. An raɗa masa suna Abijan-Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. A ƙuruciyarmu hukumar RAN ce ke tafiyar da shi. Mai hali ya hau Gazelle, talaka ya shiga jirgin gama-gari da tabarmarsa da butarsa da ƙunshin guzuri.

Wa zai manta da tashoshin nan? Kudugu, Bobo, Banfora inda mata ke miƙo mangwaro ta taga, Ñangoloko inda ake duba takardu, sai Ferke, Bwake, Dimbokoro, Anyama garin goro, har a sauka Tireshibil. Iyayenmu fatake suna bin shanu da tumaki zuwa kudu, su dawo da huhunan goro. Amma ba haja kaɗai jirgin ke ɗauka ba. Shi ke kai amarya ɗakinta a Bwake, shi ke kai tsohuwa ganin jikan da aka haifa mata a Abijan, shi ke kawo masu ta'aziyya kafin sadakar bakwai. Gida ya rabu ƙasa biyu, amma dogo ya riƙe shi.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da kwalta ta yawaita, manyan motoci suka janye fasinja. A 1985 Shugaba Thomas Sankara ya kira jama'a aikin gayya domin miƙa dogo zuwa Kaya, amma a 1989 RAN ta rabu gida biyu, kowace ƙasa da nata kamfani. A 1995 aka damƙa hanyar ga kamfanin Sitarail, kuma da yake riba tana wajen kaya, jiragen fasinja suka yi ta raguwa. Rikicin Kodebuwa na 2002 ya tsayar da zirga-zirga, a 2003 kuma shirin ZACA ya rushe unguwarmu, aka watsa mu bayan gari. A 2020 annobar korona ta sa aka dakatar da jirgin fasinja baki ɗaya. Sai a Nuwamba 2023 aka maido da shi, tsakanin Wagadugu da Bobo kawai.

To, wa ya fi yin asara? Mai kuɗi yana da jirgin sama, saurayi zai jure zaman mota. Tsoho da mai goyo da mai ciwon baya su ne aka yanke. A jirgi mutum yana miƙe ƙafa, ya zaga, ya ci abinci da maƙwabcinsa. Mun san gidajen da wa da ƙane suka yi shekara goma ba su ga juna ba, har yaransu ba su san fuskar baffansu ba. Wayar salula tana kai murya, amma ba ta ɗaukar gawa, ba ta zaman makoki.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ƙasashen biyu da su tuna cewa da gumin kakanninmu, a aikin tilas, aka shimfiɗa dogon nan, kuma ɗan Adam ya fi buhun siminti daraja. Mu kuma iyaye, kada mu jira kukan jirgi. Mu riƙa ware wani abu, ko sau ɗaya a shekara, mu tura yaro hutu wajen danginsa na kudu. Zumunci a ƙafa yake.

Allah ya sada mu da alheri a fitowa ta gaba.