AC mai sola yana burge ni, amma ku fara kallon firji

1/ Jiya da dare an ɗauke wuta a hostel, zafi ya hana kowa barci, sai musu ya kaure kan AC mai sola. Wani ya ce kayan 'ya'yan manya ne kawai. Ban yarda ba gaba ɗaya, bari in faɗi dalili.

2/ Lokacin da zafi ya fi tsanani, lokacin ne faifan sola ya fi samun rana. Sabbin AC masu inbata suna iya jan wuta kai tsaye daga faifan da rana. To amma da dare fa? Nan ne kuɗi ke tafiya. Faifan ya yi araha sosai, ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Batir ne ke karya mutum.

3/ Shi ya sa abin da ya fi burge ni shi ne firjin rigakafi da ake sawa a asibitocin karkara. Ba batir a jikinsa. Da rana yana daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara, da dare ƙanƙarar ta riƙe sanyin. Sanyin ake adanawa, ba wutar ba. Wallahi wannan dabara ce.

4/ Kawuna yana noman tumatir a Kadawa. Na sha ganin ya sayar da kwando a wulaƙance don ya san gobe zai ruɓe. ColdHubs sun fara kafa ɗakunan sanyi masu sola a kasuwanni tun 2015, a lokacin kana biyan naira 100 kan kwando a rana. Irin wannan nake so in gani a kowace kasuwar kayan gwari, kafin AC a falon Alhaji.

5/ Kuma mu ba baƙi ba ne a harkar. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex a 2000 da tukwane biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ko wuta babu.

6/ Masu shirin saye: zafi yana rage ƙarfin faifan, ƙurar hunturu ma haka. In ba za ka hau rufi kana gogewa ba, ka nemi ƙaninka tun yanzu ku daidaita.