FILIN KIWON LAFIYA: Gangamau da Tabon Hanta

Hanta tana da wata baiwa wadda sauran kayan ciki ba su da irinta, watau in ta ji rauni takan gyara kanta. Amma idan raunin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, ko saboda ciwon hanta na B da na C, ko shan giya, ko taruwar kitse, sai tabo ya dinga maye gurbin nama mai lafiya, har ta ƙandare. Daga nan ne ciki kan cika da ruwa, wani kuwa ya yi ta aman jini.

A cikin hanta akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu kama da tauraro, aikinsu ajiyar bitamin A. Idan hanta ta kumbura, sai waɗansu gurɓatattun sinadarai su taru, suna cin nama kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su ne ke tayar da ƙwayoyin nan, su bar ajiya su koma saƙa zaren tabo.

To, a nan ne gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkum, ya shigo. Sinadarin da ke ba shi launin rawaya, watau kurkumin, tun 1815 masana biyu, Vogel da Pelletier, suka ware shi a Faransa. Yana daga cikin masu hana irin wannan tsatsa. An gwada shi ga ɓeraye da aka lalata wa hanta da guba, aka ga kumburi ya ragu, tabo kuma bai yaɗu sosai ba.

Sai dai ɓera dabam, mutum dabam. Hanjin ɗan Adam kaɗan yake tsotsa daga kurkumin, shi ya sa masu yin ƙwayoyinsa ke gauraya shi da sinadarin masoro don ya ƙara shiga jini. Kowane allazi kuwa da nasa amanu. A 2019 mutum fiye da 20 a Italiya suka kamu da kumburin hanta bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya ƙayyade miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, watau miligiram 180 ga mai kilo 60.

Saboda haka ɗan gangamau a girki ba laifi. Amma wanda aka tabbatar yana da ciwon hanta na B, lalle kada ya yar da maganin asibiti irin su tenofovir ya dogara ga gari ko ƙwaya, kada kuma ya haɗa su sai da sanin likita. Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar wannan ciwo cikin rigakafin jarirai, ana kuwa so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Duk maigidan da ya kula da wannan, ya kuma sa aka auna jinin iyalinsa, ya yi wa hantarsu gatan da ya fi na kowane saiwa.