Zancen Gida: Rigar Masu Nutso da Ɗarin Hunturu

Wanda ya bi ta gadar Kwalkwalawa da asuba cikin watan Disamba zai ga masunta a Gulbin Rima, ruwa har ƙirji, mu kuwa muna ƙudundune cikin mayafi. Mukan ce sun saba. Gaskiya ne, amma sabo ba ya hana ruwa aikinsa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25.

A ƙasashen sanyi masu nutso cikin teku suna da riga domin wannan. Wani masani a Amurka, Hugh Bradner, shi ya ƙago ta a 1952. Da wata irin roba ake yinta, mai cike da ƙananan kumfan iska, kaurinta milimita 3 zuwa 7. Abin mamaki, ba ta hana ruwa shiga. Ɗan kaɗan yakan shiga tsakanin fata da riga, jiki ya ɗumama shi, kumfan nan su tsare ɗumin. Don haka dole ta kama jiki sosai. In ta yi burum-burum, sabon ruwa zai riƙa shiga yana kwashe ɗumin.

To, mu ba mu da teku, amma muna da yara masu son gulbi, muna kuma yin baftisma a ruwa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, an shiga hatsari. Yara da tsofaffi ne suka fi saurin kaiwa can. Jiƙaƙƙiyar taguwa kuwa ba rigar nutso ba ce. Da iskar hunturu ta buga ta, sai ta ci gaba da jan ɗumi bayan an fito.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikkilisiya, in baftisma ta faɗo cikin ɗari, a bari rana ta ɗaga. Kada a tsai da waɗanda suka fito suna jiran a gama waƙa, ko da waƙar ta yi daɗi. Matan zumunta su tanadi tawul, busassun tufafi, da kunu mai zafi. Giya ba magani ba ce, ƙara fid da ɗumi take yi.

In yaro ya daina makyarkyata alhali jikinsa da sanyi, maganarsa ta harɗe, barci yana fizgarsa, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har ka, a kai shi asibiti nan da nan.