Mai niyyar hutu a Turai, ya fara da Andalus

Jama'a, akwai alhazai da hajiyoyi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai waɗanda fasfonsu ya cika da tambari, yau Dubai, gobe Gwanzu, jibi Istanbul, amma in ka tambaye su abin da suka gano, ba ya wuce filin jirgi da otel da sito da wurin auna kaya. Ba laifi ba ne, nema ya kai su. To yanzu ana samun masu cewa suna son su fita sau ɗaya ba don sari ba, su huta, su kai uwargida ko su duba ɗansu da ke karatu, kuma da an ce Turai sai kowa ya ce Paris. Mu namu ra'ayin daban ne. Wanda Allah ya hore ma halin tafiya, ya bar Paris da kantunanta, ya nufi kudu, garuruwan bakin teku da tsofaffin biranen da fatauci ya gina, kuma ya fara da Andalus, wato kudancin ƙasar Sipaniya.

Mun san za a ce hutu na ma'aikacin gwamnati ne, ɗan kasuwa in ya rufe shago kwana goma wani ya kwashe masa masu saye. Akwai gaskiya a ciki. In daga uwar kuɗi za a ciro na tafiya, ko daga adashen da aka yi niyyar ƙara jari da shi, ko bashi za a ci, to a zauna gida, babu garin da ya kai a karya jari dominsa. Muna magana ne da wanda ribarsa ta ɗauki tafiyar, kuma yana da yaron shago mai amana.

Ga lissafin tun daga ƙofa. Yuro 1 sefa 656 ne. Bizar da ake kira Shengen, wadda ke buɗe ƙasashe 29, kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, wajen jaka 59 ke nan, kuma in sun hana ka ba su mayar maka ko dala. Sai takardar asirans ta lafiya wadda ke ɗaukar nauyi har yuro 30.000, da shaidar otel, da tikitin dawowa, da takardun banki. Sipaniya tana son ta ga kana da abin da ya haura yuro 100 na kowace ranar da za ka yi. Nan ne ƴan kasuwarmu da yawa ke faɗuwa, don mutum yana juya miliyoyi amma duk a hannu, ba rajistar kasuwanci, ba takardar biyan haraji, ba asusun banki mai motsi, a idon mai ba da biza kuwa shi da marar komai ɗaya suke. Tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Yamai cikin Janairu 2024 neman ya ƙara wuya, saboda haka a fara tambaya da wuri a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta, kuma a guji ƴan cuwa-cuwa masu cewa suna da hanya.

Me ya sa Andalus? Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe bai faɗi ba sai 1492, kusan shekara 800, kuma ƴan mazhabar Malikiyya ne kamarmu. Malamanmu ba baƙin wurin ba ne ko da ba su taɓa taka shi ba. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, sunan garinsu ne yake ɗauke da shi, Ƙurɗuba, wanda Turawa ke ce ma Kordoba. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 1230, shi ma a nan aka haife shi. Babban masallacin garin, Abdurrahman na ɗaya ya soma gina shi wajen 785, yana nan tsaye da ginshiƙai sama da 850, mutum ya shiga sai ya ga kamar kurmin dabino aka yi ma rufi. Amma a sani tun daga gida, don kada rai ya ɓaci a can: tun 1236 ya koma coci, da tikiti ake shiga, kuma masu gadi ba su barin a yi salla a ciki.

Dukawa da masu sayar da takalma su ma suna da rabonsu a wannan gari. Jimar fata ta Ƙurɗuba ta yi suna har kalmar da Faransawa ke kiran mai gyaran takalmi da ita, kordoniye, daga sunan garin ta samo asali. Mu kuwa masu jar akuyar Maraɗi mun san fata. Fatun jar akuya na ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare hamada bisa raƙuma zuwa arewacin Afirka, daga can su shiga Turai da sunan fatar Maroko. Ɗan kasuwa ya tsaya shagon fata a Ƙurɗuba, ya juya jaka ɗaya a hannunsa, ya dubi ɗinki, ya tambayi farashi, ya ninka da 656, sa'annan ya tuna nawa ake sayen ɗanyar fata a kasuwar ƙauye. Wannan tsayuwar kaɗai ta isa abin tunani har a dawo gida.

Garnada ita ce ta faɗi a ƙarshe, ranar 2 ga Janairu 1492. Fadar sarakunanta, Alhamra, tana bisa tudu, da rubutun Larabci sassaƙe a bango da ruwa mai gudu a tsakar kowane gida, ruwan da aka jawo daga tsauni ba tare da inji ba. Ba a zuwa haka kawai a ce a buɗe: mutanen da ke shiga a rana ƙidayayyu ne, tikitin yana ɗauke da sunan mutum da sa'ar shigarsa, kuma a lokacin cunkoso sai an saye shi makonni kafin ranar. Daura da fadar, a unguwar Albaisin, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, nan ana salla lafiya lau. Daga wannan gari ne Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu.

Mai son teku kuma ga Malaga, tafiyar wajen awa ɗaya daga Ƙurɗuba a jirgin ƙasa mai gudu. Mu da ba mu da teku, zama bakinsa da la'asar ma abin kallo ne. A bakin ruwan suna tsire ƙananan kifaye a sanda su jera gefen wuta, kamar dai mai tsire na tasha, kuma wannan ya raba mutum da zullumin nama, don a ƙasar naman alade ya yi yawa, har cikin miyar da ba ka zata ba, dole a riƙa tambaya. Hajiyoyin kasuwa, ku muke ba shawara ku sammako ku shiga kasuwar Atarasanas, wadda ƙofarta ta dutse tun zamanin sarakunan Garnada take. Ku dubi yadda aka raba layin kifi da na nama da na ganye, da farashi rubuce bisa kowane kaya, da sikeli a gaban mai saye, da ruwan wanke ƙasa in an tashi. Ba mu ce komai nasu ya fi namu ba. Babu tayi, babu gyara, babu hirar nan da ke sa mai saye ya zama ɗan gida, kuma da rana ta take sai a rufe, ranar Lahadi ba a buɗewa sam. Amma duk wadda ta taɓa ratsa Katako ko kasuwar Dole da damina ta san abin da za ta so a kwaikwaya.

Wanda ya fi sakewa da Faransanci, Marsey ta fi masa Paris. Gari ne na tashar jiragen ruwa tun wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masana'antunsa na mai da sabulu sun sha gyaɗar Afirka ta yamma. Alhazan Maraɗi na farko da yawansu da awon gyaɗa suka tashi, a shekarun 1950 da 1960, lokacin da buhuna ke bi ta Kano zuwa Legas su hau jirgin ruwa zuwa Faransa. Jikansu in ya tsaya a tsohuwar tashar garin, ƙarshen hanyar kakansa yake kallo. A unguwar Nowai akwai mahauta masu naman halal da kayan yaji da mutanenmu na Afirka, ba a jin baƙunta. Sai dai mata su sani, tun 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a titi. Kallabi da mayafi ba su cikin hanin.

Benis ta Italiya, garin da aka gina cikin ruwa, kowa ya ga hotonta. Fatake ne suka gina ta, har suna da gidajen sauke baƙin ƴan kasuwa da kayansu, irin aikin fatoma a zango, kuma sunan gidajen, fondako, ɗan uwan funduƙ ne na Larabci. Amma yau baƙi sun ci garin. Mazauna tsohon birnin sun koma ƙasa da 50.000 a 2022, kuma a Afrilu 2024 hukuma ta fara karɓar yuro 5 daga mai shiga yini ɗaya a wasu ranaku. Kwana ɗaya ya isa, mu ba za mu ce a zuba kuɗin mako a can ba. Barselona ma haka, a Yuli 2024 ƴan gari sun yi zanga-zanga har suna fesa ma baƙi ruwa saboda tsadar hayar gidaje, ga masu yankan aljihu.

Akwai abin da ba za mu tsallake ba. Tekun nan da muke cewa a je a zauna bakinsa, shi ne wanda ya ci mutane sama da 360 kusa da tsibirin Lampedusa ranar 3 ga Oktoba 2013, kuma a cikin watan nan ne aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. Wanda ya je da biza ya dawo, in ya zauna majalisa, ya faɗi duka abin da ya gani, har da samarinmu masu shimfiɗa tabarau da jakunkuna a ƙasa suna gudun ƴan sanda. Kuma ya dawo a kan lokaci. Biza ta yawon buɗe ido ba ta ba da izinin aiki ko kasa kaya, iyakarta kwana 90, kuma tun Oktoba 2025 sun fara ɗaukar hoton fuska da na yatsu a bakin iyaka. Duk wanda ya maƙale, ya ƙara toshe ƙofa ga na bayansa.

Lokacin tafiya kuwa, a guji Yuli da Agusta. Nan ne Turawa da kansu ke hutu, otel ya yi tsada, bakin teku ba masaka tsinke, kuma zafin Ƙurɗuba yana wuce digiri 40, babu ma'ana mutum ya biya kuɗin jirgi ya je ya tarar da bazarar Tawa. Afrilu da Mayu sun fi, lokacin da mu muke cikin tsananin zafi su kuma furanni ke buɗewa, ko kuma Oktoba, muddin bai faɗa a kan cinikin Salla ba. Mai ɗauke da kuɗi a hannu da suka kai yuro 10.000, sama da miliyan 6 da rabi ke nan, dole ya bayyana su ga duwan. Hajiya kuma ta yi haƙuri da guzurin da aka saba: dokarsu ta hana shigo da nama da kayan nono daga waje, kilishi da cuku da man shanu duk a filin jirgi za a karɓe su a zubar.